Katin Google Play ko na Apple: wanne zan ce wa ƙanena ya saya wa yara daga Amurka?

Maman Ilham (Tarauni, Kano):

Assalamu alaikum jama'a. Don Allah masu sanin harkar waya ku ba ni shawara kafin ranar Asabar.

Ina da ƙane a Maryland ta Amurka, duk shekara idan sallah ta matso yakan turo wa yarana barka da sallah. Bana ya ce shi ba zai turo kuɗi ba, wai idan ya turo ni nake karɓewa in zuba a jarin atamfa in ce wa yara na ajiye musu. Sharri ne irin na ƙanne, amma bari mu bar wannan. Ya ce katin kyauta zai saya na dala 100, irin waɗanda ake ratayewa kusa da mai karɓar kuɗi a manyan kantunansu, ya kankare ya turo lambar. Sai ya tambaye ni: na Google Play ko na Apple? Na ce ya ba ni kwana biyu.

Ga yadda wayoyin gidan suke. Ilham tana aji biyu a BUK, iPhone 11 ce a hannunta, 'yar Landan, a kasuwar waya ta Farm Centre babanta ya saya mata. Kullum kukanta ɗaya, iCloud, wato ma'ajiyar Apple ta intanet, ya cika, WhatsApp ya daina adana mata hira, kuma tana son Apple Music. Abba yana SS2, Infinix ce tasa, shi ba ruwansa da komai sai wasan ƙwallo na eFootball, koyins yake so ya sayi 'yan wasa. Ni kuma Tecno Camon nake riƙe da ita, da ita nake ɗaukar hoton leshi da atamfa ina ɗorawa a sitatus, kuma Google sai turo min saƙo yake wai gurbina na 15GB ya kusa cika.

Tambayata: akwai kati ɗaya da zai yi mana duka? Ko ya raba hamsin-hamsin? Sannan Abba ya zo min da wata magana, wai abokinsa ya san wani a WhatsApp da ke sayen irin waɗannan katunan ya ba da naira nan take, don haka ko wanne aka turo ba asara. Hankalina bai kwanta da wannan ba.

Injiniya Sabo (Farm Centre):

Wa alaikumus salam Hajiya. Ki ce wa kawun yara ya dakata, kada ya sayi komai tukuna.

Tambayar farko amsarta gajera ce: babu kati ɗaya da zai yi muku duka. Katin Apple na iPhone ne, katin Google Play na wayoyin Android ne, wato Tecno, Infinix, itel, Samsung, Redmi da sauransu. Yadda katin MTN ba ya shiga layin Airtel, haka wannan. Abu ɗaya na sani da ya keta wannan katanga, shi ne Apple Music, domin akwai manhajarsa a Android kuma ana iya loda katin Apple a cikinta. Ban da shi, kowa gidansa daban.

Amma ba nan matsalar take ba. Abin da ke kayar da mutane a shagona kusan kowane mako shi ne ƙasa. Kowane kati an ɗaure shi da ƙasar da aka sayar da shi da kuɗin ƙasar. Katin da aka saya a Amurka da dala, asusun Amurka kaɗai yake shiga. Na Ingila fam ne, asusun Ingila. Wayar ba ita ake dubawa ba, ba a kuma duba inda aka ƙera ta ko inda aka fara amfani da ita. Asusun da ke cikinta ake dubawa, wato Gmail ɗin da aka shiga Play Store da shi, ko Apple ID a iPhone. Mutum zai zo ya ce min, ai wayata 'yar Landan ce, me ya sa katin Landan ya ƙi shiga? In duba in ga asusunsa na Najeriya ne. Kuma Najeriya ba ta cikin ƙasashen da Google ko Apple suke sayar da katinsu da naira, duk wanda kika gani a hannun 'yan kasuwa a nan na wata ƙasa ne aka shigo da lambarsa.

To ga aikin da za ki yi yau da daddare. A wayarki da ta Abba, ki buɗe Play Store ki nemi kowace manhaja ta kuɗi, ki dubi farashin. Idan alamar naira kika gani, asusun na Najeriya ne, katin dala ba zai shiga ba, magana ta ƙare. A wayar Ilham ta shiga Settings, ta taɓa sunanta da ke can sama, sai Media & Purchases, sai View Account, za ta ga ƙasar a rubuce. Ki dawo ki gaya mana.

Wani zai ce miki ai sai a canza ƙasar asusun. Ana canzawa, amma ba wasan yara ba ne. Google yana so ya ga kana cikin ƙasar da kake cewa ka koma, kana kuma da hanyar biya ta can, kuma idan ka canza sai ka jira tsawon lokaci kafin ya bar ka ka sake. Kuɗin da ya rage a tsohuwar ƙasa ba ya bin ka zuwa sabuwa. Apple kuwa ba zai bar ka ka canza ba sai ka cinye duk abin da ke asusun, ka kuma soke duk wani abin da kake biya wata-wata. Na sha ganin mutum da ragowar santi 30 a asusu, babu abin da zai saya da su, su kuma sun hana shi motsi, sai ya nemi ma'aikatan Apple sun share masa.

Khalifa_10:

Oga Sabo a yi haƙuri, abin bai kai haka tsanani ba. Mu da VPN muke yi, manhajar da ke nuna kamar kana wata ƙasa, ka buɗe sabon Gmail ka sa adireshin Amurka, kati ya shiga. Mama ki bar Abba ya zo mu haɗa masa.

Amma gaskiya ɗaya, idan PUBG ne ko Free Fire ba ma sai da kati ba. UC, wato kuɗin cikin wasan PUBG, ana saye a shafin Midasbuy da lambar ɗan wasa kawai, kuma da naira ake biya a irin su Codashop da Carry1st. eFootball ne dai ya fi son a bi ta Play Store. Kuma ki gaya wa Abba idan yana da niyyar komawa iPhone nan gaba kada ya tara koyins, ya kashe su, domin Konami, kamfanin da ya yi wasan, ba ya barin koyins ɗin Android su tsallaka zuwa iPhone. 'Yan wasan da ya saya za su bi shi idan ya haɗa asusunsa, koyins ɗin ne ba sa bi.

Injiniya Sabo (Farm Centre):

Khalifa, maganarka ta biyu daidai ce, ta farkon ce ban yarda ba. Ban ce ba ya taɓa shiga ba. Yana shiga wa wasu. Amma ka gaya wa Hajiya abin da ke faruwa ranar da bai shiga ba: saƙo ya fito cewa ana buƙatar ƙarin bayani kafin a karɓi katin, a nemi hoton katin gaba da baya da rasit na kanti, a tambayi garin da aka saya. Katin bai mutu ba, bai kuma shiga ba, yana nan a rataye. Ƙa'idarsu a rubuce take cewa katin na mazauna ƙasar ne, don haka ba ka da bakin ƙorafi. Kai dala 10 kake gwadawa, idan ta maƙale ka yi tsaki ka wuce. Wannan dala 50 ce ta yaro, barka da sallarsa ta shekara.

Abu Sultan (Jidda):

Hajiya ni ma shaida ne kan maganar ƙasa. A nan Saudiyya katunan nan a ko'ina suke, Jarir da manyan kantuna duk suna sayarwa, da riyal. Duk lokacin Umara da Hajji sai 'yan uwa sun ce in saya musu su kai wa yara tsaraba, saboda ba shi da nauyi a jaka. Na daina. Katin riyal asusun Saudiyya yake nema, yaro a Gusau ko Azare ba shi da shi. Yanzu idan mutum ya matsa, cewa nake ya sayi abin ji na kunne ko cajar kirki ya kai, wannan ko a wace waya zai yi aiki.

Ƙari ɗaya ga masu Huawei: waɗanda suka fito bayan takunkumin Amurka na 2019 ba su da Play Store sam, AppGallery ne a cikinsu. Android ce a ido, amma katin Google ba shi da wurin shiga. Akwai su da yawa a hannun mutanenmu da suka saya a nan.

Maman Ilham (Tarauni, Kano):

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Injiniya na yi abin da ka ce. Tawa da ta Abba naira ce ta fito. Ta Ilham kuwa Amurka aka rubuta, har da wani adireshi a Oregon da ba mu san kowa a can ba. Na tambaye ta yaya aka yi, ta ce yaron shagon da aka sayi wayar ne ya buɗe mata, ya rubuta mata kalmar sirri a bayan rasit. Imel ɗin ma ba nata ba ne, wasu haruffa ne da lambobi. Wato kenan ita katin Apple zai yi mata?

Injiniya Sabo (Farm Centre):

Zai shiga, Hajiya. Amma kafin a zuba ko sisi a wannan asusun, akwai gyara, kuma ya fi maganar katin muhimmanci.

Abin da yaran kasuwa suke yi kenan, kuma ba da mugun nufi ba yawanci. Mai saye yana tsaye yana sauri, yana so a sa masa WhatsApp da TikTok ya tafi, sai yaro ya buɗe asusu da imel ɗin da ya ƙirƙira a take, ya zaɓi Amurka saboda ya saba, ya sa lambar wayarsa shi don saƙon tabbatarwa ya shigo masa nan da nan. Oregon ɗin ma da dalili, jiha ce da ba a ɗora harajin saye, shi ya sa suke son ta. To yanzu ki duba: asusun da hotunan 'yarki suke ciki, lambar wani ce a kai. Ranar da ta manta kalmar sirri, ko ta canza waya, lambar tabbatarwa wayar wancan yaron za ta je. Idan ya bar kasuwa ko layin ya ɓata, shi ke nan. Tun 2013 Apple ya sa makullin da ke ɗaure waya da asusunta, kuma a ƙarƙashin teburina yanzu haka akwai kwali da iPhone a ciki, fuska lafiya, batir lafiya, babu abin da za a yi da su sai a cire kayan gyara, saboda masu su ba su san asusun da aka buɗe musu ba.

Don haka ta shiga saitin asusun, wajen tsaro, ta ƙara lambarta ta cire tasa, ta mayar da imel ɗin nata na gaske, ta canza kalmar sirri. Idan wayar ta nemi lambar da za a tura wa yaron, ku zo kasuwa da rasit ɗin ku neme shi tun ana ganinsa. Bayan nan sai a yi maganar kati.

Kuma kada wani ya ba ta shawarar buɗe asusu na biyu don katin kawai. Kuɗin iCloud daga asusun da hotunan suke ciki ake cira, ba daga wani na gefe ba.

Anti Zee (Wuse, Abuja):

Yaya Hajiya, ni ta wajen lissafi zan zo miki, don a nan ne na ga mutane suna cutar kansu ba su sani ba.

Asusun Amurka farashin Amurka yake biya. Apple Music a can dala 10.99 ne duk wata. A asusun Najeriya naira dubu ɗaya da 'yan ɗari ne, ɗalibai ma ana rage musu. Ki auna da canjin yau, abin da Ilham za ta biya na wata ɗaya da dala ya kusa biya mata shekara da naira. Katin dala 50 idan ta sa shi a waƙa, kafin wata biyar ya ƙare. Haka YouTube Premium, dala 13.99 a can a 2025, a nan 'yan dubban da ba su taka kara sun karya ba. Kamfanonin da kansu suka sassauta mana farashi saboda sun san aljihunmu, mu kuma muna zagayawa ta baya muna biyan na Turawa.

Inda katin dala yake da amfani a wajenta shi ne iCloud. Kyauta 5GB kawai suke bayarwa, wanda bidiyon biki biyu ya isa ya cinye. 50GB kuwa santi 99 ne a wata, wato katin dala 25 zai riƙe ta kimanin shekara biyu ba ta sake tunanin biya ba, kuma kuɗin katin Amurka ba ya lalacewa don an daɗe ba a taɓa shi ba. Idan 200GB take so, dala 2.99 ne. Wannan kyauta ce mai ma'ana. Waƙa kuwa ta nemi wadda za ta biya da naira, ko ta haƙura da Audiomack da Boomplay kamar sauran ƙawayenta.

Kada kuma ta sa rai katin zai biya mata Netflix ko Spotify. Sun daɗe da daina karɓar sababbin masu biya ta hannun Apple, saboda kason da Apple yake cira wanda ya kai 30 cikin 100. A shafinsu ake biya kai tsaye.

Wani abin da za ta sani game da zama a asusun Amurka: duk dokar da ta faɗa musu ta faɗa mata. A watan Janairun 2025 da aka cire TikTok da CapCut daga kantin manhajojin Amurka, masu irin asusunta a nan gida su ma sun nema sun rasa, alhali maƙwabcinsu mai asusun Najeriya yana saukewa lafiya. Sai tsakiyar Fabrairu TikTok ya dawo. Ni da 'yata ce, idan katin ya ƙare zan mayar da ita Najeriya.

Ke da Abba kuwa ba kwa buƙatar kati ko kaɗan. Na san dalilin da ya sa mutane suka saba da shi: a 2022 bankuna suka rage abin da katin naira zai iya saya a waje zuwa dala 20 a wata, daga baya da yawansu suka rufe gaba ɗaya, sai kowa ya koma neman katin kyauta da katin dala na intanet. Amma tun 2023 Play Store ya fara karɓar katin Verve da naira, kuma a tsakiyar 2025 wasu manyan bankuna suka sake buɗe katunansu na naira ga sayayyar waje. Ki gwada katin bankinki a Play Store, ki sayi ƙarin gurbi na Google One na 100GB, matsalar hotunan atamfa ta wuce. Ki lura kuma, ajiyar hirar WhatsApp a Android yanzu tana cin wannan 15GB ɗin, da can ba ta ci. Ke da kwastomomi suke turo wa bidiyo dare da rana, ina kyautata zaton ita ce ta cika miki wuri. Idan ya cika tam, Gmail ma daina karɓar saƙo yake.

Shawarata ga kawu: katin Apple na dala 25 ga Ilham, sauran 75 ya turo ta hanyar aika kuɗi, su sauka da naira a banki. Idan tsoronsa jarin atamfa ne, ya tura asusun babansu.

Ɗan Katsinawa (Maraɗi):

Salamu alaikum. Mu nan Nijar katunan da muke gani wurin masu saida salula galibi na Faransa ne, da yuro. Matsala guda ce da taku, sai mai asusun Faransa. Samari da yawa sun buɗe irin wannan asusu don wasan ƙwallo, amma in ka lissafa da sefa, kuɗin buhun hatsi ne yaro yake zubawa cikin 'yan wasan da ba a taɓawa da hannu. Hajiya, in kawunsu ya turo kuɗin, ki sa wa Abba iyaka. Kada ki bar katin bankinki a manne a wayarsa, ki saya masa sau guda ki cire. Akwai wurin da ake sawa Play Store ya nemi kalmar sirri duk lokacin da za a sayi abu, ki kunna shi.

Malam Auwalu (Zariya):

Hajiya, kowa ya amsa miki ta fuskar waya, saura maganar abokin Abba, kuma hankalinki da bai kwanta ba yana da gaskiya.

Akwai masu wannan sana'a da gaskiya, ban musa ba. Amma ki tambayi kanki daga ina dubban katunan da ke yawo a kasuwar nan suke fitowa. Da yawansu tsofaffi ne a Amurka da Turai ake kira a waya a tsorata su, a ce ana bin su haraji ko jikansu yana hannun 'yan sanda, a sa su je kanti su sayi kati su karanto lambar. Apple da Google duka suna gargaɗi a shafukansu cewa duk wanda ya ce ka biya shi bashi ko tara da katinsu macuci ne. Lambobin nan su ake kawowa a canzar da naira. Yaro ɗan SS2 ya saba da wannan layi, yau ya sayar da katin kawunsa na halal, gobe a ce ya karɓo na wani a ba shi kaso. Abokin ɓarawo ɓarawo ne, kuma EFCC ba ta tambayar shekara nawa ka fara.

Ta fuskar ciniki ma ba riba. Ba za su ba ka canjin dala na kasuwa ba, sai sun zaftare, na Google ma ya fi faɗuwa a wurinsu. Kuma kai za ka fara tura lamba kafin su biya. Wani ɗalibina ya tura wa irinsu lambar katin da yayarsa ta aiko masa, aka ce ya jira minti goma, aka dawo aka ce wai katin an riga an yi amfani da shi, aka toshe shi. Ba shi da hanyar tabbatar da cewa su suka loda.

Maman Ilham (Tarauni, Kano):

Malam na ji, kuma Abba ma na ba shi ya karanta da idonsa. Anti Zee na tura wa kawunsu lissafinki, ya yarda da 25 da 75, amma ya ce asusun bankin Ilham zai tura ba na babansu ba, wai mu duka bai yarda da mu ba. Gobe in sha Allah za mu shigo kasuwa neman yaron shagon. Tambaya ta ƙarshe Injiniya: ya sayi na kwali a kanti ya ɗauko hoto, ko akwai wanda ya fi?

Injiniya Sabo (Farm Centre):

Ya saya a shafin Apple na Amurka kai tsaye, ya sa imel ɗin Ilham, sabon ba na yaron shago ba, lambar za ta zo mata ita kaɗai. Na kwalin ma yana yi, sai dai ana samun ɓata-gari da ke buɗe na kan rataya su kwafe lamba su mayar, don haka idan shi zai saya ya duba ba a taɓa manne bayan ba, ya tabbata mai kanti ya kunna katin a na'ura, ya kuma ajiye rasit. Lambar Apple haruffa da lambobi 16 ce, da X take farawa, kada ya turo lambar da ke jikin layukan da ake haskawa a kanti, ba ita ba ce. Kuma kada ya jefa ta a guruf ɗin dangi, wanda ya riga lodawa shi ne mai ita.

Idan kun shigo gobe ku zo kafin azahar, bayan nan yaran sun watse cin abinci. Ta cajo wayar, ta zo da layinta a ciki.